Kare ɗan wata 19 a gasar tsallake-tsallake: a ci gaba ko a dakata?

Bello_Yorkshire: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san wasu za su yi dariya, ku yi abinku amma ku ba ni amsa. A wani ƙauye nake haya a arewacin Ingila, a gonar wani dattijo mai kiwon tumaki. Da karyarsa ta haihu ya ba ni kwikwiyo ɗaya, irin Border Collie ɗin nan na makiyaya, na sa masa suna Harsashi. Da safe yana taya mu kora tumaki, da yamma kuma ina kai shi wani kulob inda ake koyon wasan ajiliti: kare ya tsallake sanduna, ya ratsa bututu, ya hau gadar katako, ya saƙa tsakanin turaku 12, kai kuma kana gudu a gefensa kana nuna masa hanya da hannu da baki, ba igiya, ba abinci a hannunka. Ana duba lokaci, ana ƙirga kuskure.

A dokar Kennel Club, ƙungiyar da ke kula da harkar karnuka a Birtaniya, sai kare ya cika wata 18 zai shiga gasa. Yana cikawa na rubuta sunansa a aji na ɗaya, na sababbin shiga. Ranar Asabar muka je. Sandunan farko ya wuce su lafiya lau. Da muka iso turaku ya shiga ta inda bai kamata ba, alƙali ya ɗaga dunƙulen hannu, alamar kuskure. Na dawo da shi, ya shiga daidai, ya fice a turke na goma. A tudun katako tun daga sama ya diro, ƙafarsa ba ta taɓa fentin ƙasan da dole ya taka ba. Da muka zo lilo kuwa, wato dogon katakon da ke rinjaya ƙasa in kare ya hau, sai ya ja birki, ya kalli lilon, ya kalle ni, ya bi ta ƙarƙashin igiyar fili ya nufi motar masu soya nama. Alƙali ya gicciye hannuwa, shi ke nan an fitar da mu.

A kulob duk yana yin waɗannan daidai, in ban da lilo. Akwai wata gasar wata mai zuwa. In ci gaba da kai shi har ya saba, ko in janye shi tukuna?

Bakatsine_04: Wa alaikumus salam. Malam Bello, karen nan ya fi ka lissafi. Ga kofin roba ga nama, wa zai zaɓi kofi?

Maman_Ikram: Ni ban san komai a harkar nan ba, amma na ga irinsa a talabijin lokacin Crufts, babbar gasar karnukan nan ta Ingila. Wallahi sai da na kira yara. Ashe akwai namu a ciki. Allah ya ba da sa'a.

Kawu_Sale_Ohio: Ɗana, janye shi. Ban ce har abada ba, amma kada ka sake kai shi ajin da ke da lilo da tudu sai ka gyara. Na daɗe a wannan wasa a nan Amurka, karena na yanzu shi ne na uku, kuma abin da ka lissafa na gan shi a wurin kusan duk sabon shiga.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Turaku: doka ita ce turke na farko ya kasance a kafaɗarsa ta hagu, ko ta ina kuka fito. Ina kyautata zaton a kulob kullum kana gefe ɗaya, kuma kai ke shigar da shi da hannu. Shi bai koyi neman ƙofar ba, hannunka ya koya. Ranar da aka jera fili ta yadda ka faɗo ɗaya gefen, sai ya rasa. Ka koma turaku biyu kawai, ka riƙa tura shi daga kowace kusurwa, kana kusa, kana nesa, kana gudu, kana tsaye, sai ya iya nemo ƙofar shi kaɗai sannan ka ƙara biyu.

Ficewa a na goma kuwa, zan iya rantsuwa ba laifinsa ba ne. Ka samu wanda ya ɗauki bidiyo ka duba. Ko dai ka ƙara sauri don ka riga shi zuwa shinge na gaba, ko ka juya kafaɗa, ko hannunka ya nufi aljihu kamar yadda ka saba in za ka ba shi tukuici. Irin waɗannan karnuka jikinka suke karantawa kafin bakinka.

Bello_Yorkshire: Kawu, akwai bidiyon, matar maigidana ta ɗauka. Yanzu na sake kallo. Daidai turke na tara na waiga ina neman lambar da ke gaba.

Kawu_Sale_Ohio: To ka gani. Shi ya sa ake ba ku mintoci ku zaga filin ba karnuka kafin a fara. Ba yawon shan iska ba ne, haddace hanya ake yi, da inda za ka tsaya, da hannun da za ka ɗaga. Wanda ke neman lamba yana cikin gudu ya riga ya saki karensa.

Sarkin_Dawa_Gumel: Ni mafarauci ne, gado na yi, kuma ban taɓa ganin wannan wasa ba sai da yarona ya nuna mini a waya yanzu. Amma kare kare ne ko a ina. Mu ba ma ɗaukar sabon kare mu jefa shi cikin taron farauta kai tsaye, ga ganga ga ihu ga karnukan wasu garuruwa. Bayan manya yake bi, kusa da gida, ya ga yadda ake yi. Ran da aka fara kamu da shi a ba shi kayan cikin a wurin, daga nan ya san abin da ya fito yi. Kuma karen da zai bar ka ya tafi wurin naman wani, bai gama zama naka ba. Wa ke ba shi abinci, kai ko Baturen?

Bello_Yorkshire: Ranka ya daɗe, gaskiya yawanci maigidan ne, tare da sauran karnukansa yake zuba musu, ni ina wurin aiki.

Sarkin_Dawa_Gumel: To ka karɓi wannan aikin. Daga tafin hannunka zai ci, ba daga kwano ba, kuma sai ka kira ya zo.

Abu_Sumayya: Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum. Sarkin Dawa yana da hujjarsa. Amma tsallake sanda don a ba da kofi, a wane babi za mu sa shi? Nasiha ce, ba faɗa ba.

Malama_Zinder: Malam Abu, ka koma saƙon farko, ya ce karen kiwo ne, tumaki yake korawa, ya shiga cikin ukun da aka togace. Koyar da kare kuma ba baƙon abu ba ne a shari'a, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai ibada ce aka umarta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta fiye da haka. Batun gasar kanta dai ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Abu_Sumayya: Na gode Malama. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da ɓangaren gasar ba. Yana kwana a ɗaki ne?

Bello_Yorkshire: A'a, akwai ɗakin karnuka kusa da rumbun ciyawa, can suke kwana. Ina da tufafin da na ware don atisaye.

Admin_Garba: An ji kowa. A bar wannan a nan don Allah, mu koma kan tambayar.

Likita_Hauwa: Ni likitar dabbobi ce, a Zariya na yi karatu, yanzu ina aiki kusa da Birmingham. Yaya Bello, kafin a ɗora komai a kan tarbiyya, tun yana wata nawa ka fara sa shi tsalle da saƙa? Ƙasusuwan kwikwiyo suna da wani guringuntsi a ƙarshensu inda suke ƙara tsawo, ba ya gama rufewa sai wajen shekara ɗaya, a manyan karnuka har shekara ɗaya da rabi. Dalilin dokar wata 18 ke nan. Ita dokar ta ce daga lokacin an yarda ka shiga, ba ta ce karenka ya shirya ba.

Sannan karen da ya ƙi wani abu ba kullum taurin kai ba ne. Kafaɗa da baya su suka fi samun rauni a wannan wasa, saboda saƙa da sauka daga tudu mai tsayin mita 1.7. Collie kuwa zai yi ta gudu da ciwo bai nuna ba. Ka lura da shi da safe in ya tashi daga kwanciya, ko yana ɗingishi na ɗan lokaci, ko yana lasar yatsa ɗaya. A duba faratansa ma. In da hali a kai shi a lalube shi kafin ka ci gaba.

Bello_Yorkshire: Likita, tsalle sai da ya shekara, kuma a ƙasa-ƙasa muka fara. Lilon ne aka samu matsala. Yana wata goma, muna tattara kaya bayan darasi, ya kufce ya haye shi a guje. Katakon ya sauka da ƙara, ya wurgo shi gefe. Bai ji ciwo ba amma tun ranar ko kusa da shi ba ya so. A kulob da wani lilon katako mai nauyi muke lallaɓa shi yana hawa a hankali. Na gasar na ƙarfe ne mai shimfiɗar roba.

Kawu_Sale_Ohio: Haba ɗana, ai da wannan za ka fara ba mu labari! Ka san yana tsoron abu, ka kai shi inda ba za ka iya ba shi ko loma ɗaya ba, ga lasifika ga haushin karnuka ɗari, kuma lilon ba wanda ya sani ba. Kowane lilo da inda yake rinjaya da irin ƙararsa. Ba nama ya je nema ba, guduwa ya yi, motar ce kawai ta fi kusa.

Abin da ya yi wa karyata ta biyu amfani: ka manta da hawa. Ka tokare lilon yadda bakinsa zai rage ɗan taƙi kaɗan ya taɓa ƙasa. Ya sa ƙafa ya danna, ya yi ƙara, ka ba shi nama. Shi ne mai yin ƙarar, ba ƙarar ke samunsa ba. Kullum kaɗan, minti biyu ya isa, ka tashi tun yana marmari. Sai ka riƙa ɗaga tazarar. In ya ware, ka nemi kulob biyu ko uku ka yi hayar filinsu na awa ɗaya don ya taka lilo iri-iri.

Dan_Tahoua: Kawu da Sarkin Dawa sun saɓa ke nan. Ɗaya ya ce yunwar nama, ɗaya ya ce tsoro.

Sarkin_Dawa_Gumel: Ba mu saɓa ba. Kare in ya tsorata a dawa, wurin ubangidansa yake gudowa ya shiga tsakanin ƙafafunsa. Wannan ya tsorata ya yi wani wajen. Maganata tana nan.

Kawu_Sale_Ohio: Wannan kam na sallama maka, Sarki.

Talaka_Bawan_Allah: Ikon Allah. Mutane na neman na masara a gida, ku kuna can kuna hayar fili don kare ya hau lilo.

Bakatsine_04: Kai ma dai. Masu folo a Katsina da Kaduna fa, nawa suke kashe wa doki ɗaya? Masu tattabaru fa? Kowa da abin da ke ɗebe masa kewa. Mutum yana ƙauyen Turawa, rana na faɗuwa ƙarfe huɗu a hunturu, ka bar shi ya yi gudu da karensa.

Likita_Hauwa: Tun da an ambaci doki, ai daga can wasan ya samo asali. A gasar Crufts ta 1978 aka ba wani John Varley aikin nemo abin da zai cike gibin lokaci kada 'yan kallo su gaji, shi kuma mai sha'awar dawaki ne, sai ya haɗa kai da wani mai horar da karnuka, Peter Meanwell, suka kwaikwayi tsallaken shingen dawaki. Abin cike gibi ne ya zama wasan duniya. Duk watan Maris ana yin Crufts a nan Birmingham, wanda ke kusa ya zo ya gani. Collie sun mamaye wasan har sai da aka ware wani aji na kowane kare ban da su.

Dan_Tahoua: To ni tambayata, karnukanmu na Azawak fa? Irin na Buzaye, dogaye masu siririn ciki. Na ga suna kamo barewa da zomo a fili. Na ji har Amurka sun amince da irin a 2019. Wane Collie ne zai kamo su?

Kawu_Sale_Ohio: A miƙaƙƙen gudu ba zai kamo su ba. Amma a filin nan tsakanin shinge da shinge taku kaɗan ne, sai juyi, sai birki, kuma kowane daƙiƙa kare na jiran umarninka. Na Azawak an gina shi ya hango abu da ido ya bi shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Collie an gina shi ya yi aiki da makiyayi yana sauraron fito. Ana ganin karnuka masu irin wannan ƙira a gasa jefi-jefi, suna gamawa, amma sai mai haƙuri. Ni da zan samu ƙaramin karen gida irin na ƙauyukanmu, mara nauyi mai wayo, da shi zan gwada. A nan ba a hana kare shiga don ba shi da takardar asali.

Sarkin_Dawa_Gumel: Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ku turo kuɗin jirgi in aiko muku da biyu.

Ummi_Leicester: Ni ban yarda a janye shi gaba ɗaya ba. 'Yata ce ke yi da wata ƙaramar karya irin Spaniel, ni ce direba, don haka na sha zaman filayen nan cikin ruwan sama. Tamu matsalarta ba ta tsoron komai, sai dai in ta shiga fili ta kafa hanci a ƙasa tana shinshina, ranar farko ma tsugunawa ta yi a gaban alƙali, nan take aka fitar da su, yarinya ta yi ta kuka a mota. Da muka zauna a gida wata da watanni ba abin da ya canja, don a gida ba ta yi. Hayaniyar gasa ba a koyonta sai a gasa.

Abin da muka yi, mun koma gasannin UK Agility, wata ƙungiya daban da Kennel Club, inda za ka gaya musu ba neman matsayi ka zo ba, atisaye za ka yi, su bar ka ka shiga da abin wasan kare. Tsalle uku, a ja igiya da ita, a fita ana murna. Suna da ajin da sanduna ne da bututu kawai, ba turaku ba lilo. Ko a Kennel Club ɗin ma akwai ajin tsalle da ba a sa gada da tudu da lilo. Ka kai shi irin waɗannan, ka bar sauran sai ya shirya.

Kawu_Sale_Ohio: Hajiya, ai kusan abu ɗaya muke faɗa. Sai dai ina tsoron abu guda: kare ya fice daga fili sau ɗaya, tsautsayi ne. In ya yi na biyu da na uku ya zama hanya. Ni da zan kai shi, ranar farko ko fili ba zai shiga ba. Ya zauna a gefe, ya ci abincinsa daga hannu kamar yadda Sarki ya ce, a yi wasa, a koma gida.

Ummi_Leicester: A tuƙa mota awa biyu don a ci abinci a gefen fili? Kawu, man fetur a nan ba kamar Ohio ba ne.

Dogo_Kumasi: Ba wanda ya taɓo batun tudun. Me ya sa dole sai ya taka fentin?

Ummi_Leicester: Don kada su riƙa dirowa daga sama su karye. Ƙarshen gada da tudu da lilo an yi musu launi daban, in ƙafa ba ta taɓa ba maki biyar ne na kuskure, daidai da kayar da sanda. Yawancin sababbi suna koya wa kare ya tsaya ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan katako, sai an sallame shi. Matsalar, a gasa mutum na ganin agogo sai ya sallame shi da wuri, ko ya wuce bai tsaya ba a ƙyale shi. Karen sai ya gane doka biyu ce, ta gida daban ta gasa daban. Malam Bello, da ya diro, ka tsaya ko ka ci gaba da gudu?

Bello_Yorkshire: Na ci gaba, Hajiya. Har "yauwa" na ce masa.

Bakatsine_04: Tabɗi. Alƙali na rubuta kuskure kai kana sa albarka.

Maman_Ikram: In nama yake so ku riƙa sa masa kilishi a aljihu mana, wa zai bar kilishi ya bi naman Turawa mara gishiri?

Likita_Hauwa: Maman Ikram, a rufa mana asiri. Kilishi akwai albasa da tafarnuwa da yaji da gishiri, albasa kuwa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafaffiyar hanta ko kaza ba kayan haɗi, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kuma a rage daga abincin dare, kare mai ƙiba bai kamata ya yi tsalle ba.

Injiniya_Kaduna: Kun sa ni sha'awa. Ina da karen gadi ɗan wata bakwai, duk ya cinye takalman gidan don rashin aikin yi. In na sayi bututun roba na masu aikin famfo zan iya haɗa sandunan da kaina. Tsayi nawa ake sawa?

Likita_Hauwa: A Ingila manyan karnuka santimita 60 suke tsallakewa, ƙanana 30, tazarar turaku kuma santimita 60. Amma naka a wata bakwai sanda a ƙasa za ka ajiye ya riƙa ƙetarawa, ba tsalle ba saƙa. Ka koya masa zuwa in an kira, da jira, da zagaya bokiti hagu da dama, da tafiya a kan faffaɗan katako a ƙasa. Sandar kuma ta zama mai faɗuwa in ya taɓa, kada ka ɗaure ta. Ba a kan siminti ba. Kuma da sassafe ko bayan la'asar sosai, kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, rana tsaka a watan Afrilu za ta iya kashe shi. An yi masa allurar haukan kare?

Injiniya_Kaduna: An yi masa yana wata uku, Likita. Filin gidan dai duk intalok ne, sai dai in kai shi gonar surukina a hanyar Kachia.

Bello_Yorkshire: Na gode ƙwarai jama'a. Na karɓi ciyarwa daga gobe, maigidan ya yi dariya ya ce dama ya gaji. Na samu ganin likita ranar Laraba. Gasar wata mai zuwa na riga na biya aji biyu, na cire mai lilon. Na tsallen ne ban yanke ba, don akwai turaku a ciki.

Kawu_Sale_Ohio: Cire shi ma. Kuɗin shiga bai kai kuɗin gyaran kare ba.

Ummi_Leicester: Kada ka cire. Ka shiga, ka yi sanduna huɗu na farko, ka ɗaga wa alƙali hannu ka gode masa, ku fita a guje zuwa inda ka ajiye hantar. Wace gasar ce ma? In ba ta wuce Derby ba za mu zo, 'yata ta riƙe maka jakar a bakin fita.